Amfani da yisti wajen nazarin alaƙar ginin sinadari da aikin magani

Amfani da yisti wajen nazarin alaƙar ginin sinadari da aikin magani wata hanya ce ta binciken magunguna, inda ake gwada jerin sinadarai masu kama da juna a kan ƙwayoyin yisti masu rai, domin a gano wane sashe na sinadarin ne ke sa shi aiki, wane ne ke rage masa ƙarfi, wane ne kuma za a iya canzawa ba tare da an lalata shi ba. Yistin da aka fi amfani da shi shi ne Saccharomyces cerevisiae, wato wanda ake kumbura burodi da fanke da shi. Muhimmancin hanyar ya samo asali ne daga sauƙin sarrafa ƙwayoyin gadon yisti: mai bincike yana iya canza ginin maganin, yana kuma iya canza furotin ɗin da maganin ke kamawa a cikin ƙwayar halitta, sannan ya kwatanta sakamakon biyun. An yi amfani da ita wajen fahimtar magungunan dashen ƙoda, da na cututtukan fumfuna, da na zazzaɓin cizon sauro.

Tushen nazarin

Kowane magani molekul ne, wato tarin atom da suka haɗu bisa wani tsari na musamman. Yawancin magunguna suna aiki ne ta hanyar maƙalewa a wani gurbi da ke jikin furotin, kamar yadda mabuɗi ke shiga makulli. Idan aka ƙara atom ɗaya, ko aka tsawaita wata jela ta molekul, ko aka matsar da wani reshe daga wannan gefe zuwa wancan, maganin na iya ƙara ƙarfi, ko ya raunana, ko ya koma kama wani furotin dabam.

An fara rubuta wannan fahimta a tsare a shekarar 1868, lokacin da Alexander Crum Brown da Thomas Fraser na Jami'ar Edinburgh a Sikotilan suka nuna cewa ƙara rukunin methil a kan gubar sitirikinin yana sauya aikinta: maimakon ta jawo jijjiga, sai ta jawo shanyewar tsoka. A 1899 da 1901, Hans Meyer da Ernest Overton, kowanne a nasa binciken, suka gano cewa ƙarfin magungunan sa barci yana tafiya ne da yadda suke narkewa a cikin mai, kuma talibambam na daga cikin abubuwan da aka yi gwajin a kansu. A 1964 Corwin Hansch da Toshio Fujita suka fito da hanyar lissafi da ke haɗa siffofin molekul da ƙarfin aikinsa. Duk waɗannan nazarce-nazarce suna buƙatar wani abu mai rai da za a gwada sinadarai masu yawa a kansa cikin sauri da araha, kuma yisti ya shiga wannan gurbi tun daga ƙarshen shekarun 1980.

Dalilin zaɓen yisti

Yisti halitta ce mai ƙwaya ɗaya tak, dangin fumfuna da naman kaza. Duk da ƙanƙantarsa, tsarin ƙwayarsa ya fi kusa da na ɗan Adam fiye da na bakteriya, domin yana da cibiya da ke ɗauke da kayan gado, kuma hanyoyin da yake bi wajen rarrabuwa, da gyaran DNA, da haɗa furotin, suna kama da na mutum. A cikin abinci mai kyau da ɗumin digiri 30 a ma'aunin Salshiyos, yawansa yana ninkuwa cikin kimanin minti 90, saboda haka gwajin da zai ɗauki makonni a jikin ɓera yana kammaluwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Abincinsa sukari ne da 'yan sinadarai masu arha, kuma nau'in da ake amfani da shi a ɗakin gwaje-gwaje ba ya cutar da lafiyayyen mutum.

A 1978 aka samu hanyar shigar da baƙon DNA cikin yisti. A 1996 aka kammala karanta dukkan kayan gadonsa, wanda ya zama na farko a cikin halittu masu cibiya: harufan DNA kimanin miliyan 12, a kan kuromosom 16, ɗauke da ƙwayoyin gado kusan 6,000. A 2002 wata haɗakar ɗakunan bincike ta sanar da kammala tarin nau'o'in yisti da aka cire wa kowanne ƙwayar gado guda ɗaya, wanda ya game kusan dukkan ƙwayoyin gadon. Aikin ya nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin biyar ne kawai yisti ba ya iya rayuwa in babu su. A 2015 masu bincike a Jami'ar Texas da ke Austin a Amurka suka gwada musanya ƙwayoyin gado 414 na dole a yisti da takwarorinsu na ɗan Adam, kuma kusan rabinsu, wato kashi 47 cikin ɗari, sun iya riƙe rayuwar yistin.

Yadda ake gudanar da gwajin

Ana fara wa ne da jerin sinadarai da suka fito daga uwa ɗaya, kowanne ya bambanta da ɗan'uwansa a wuri guda. Ana zuba yisti a faranti mai ƙananan ramuka 96 ko 384, a sa kowane sinadari a matakan ƙarfi daban-daban, sannan a auna yadda ruwan ya yi duhu da na'urar haske. Ruwan da ya yi duhu alama ce yistin ya yaɗu. Wanda ya zauna garau alama ce maganin ya hana shi. Daga nan ake fitar da adadin maganin da ke rage girma da rabi, kuma da wannan adadi ake jera sinadaran daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni. Akwai kuma tsohuwar hanya ta ɗora 'yar takarda da aka jiƙa da magani a kan farantin da aka shafe da yisti, a auna faɗin da'irar da yistin ya kasa tsirowa a kewayenta.

Auna girma kaɗai ba ya faɗin dalilin da ya sa sinadari ya yi aiki. A nan ne sarrafa ƙwayoyin gado ke shigowa, kuma akwai dabaru huɗu da aka fi bi.

Ta farko ita ce neman yistin da ya gagari magani. Ana shuka miliyoyin ƙwayoyi a kan maganin, a ɗebi 'yan kaɗan da suka tsira, a binciki ƙwayar gadon da ta canza a jikinsu. Sau da yawa ita ce ke nuna furotin ɗin da maganin ke kamawa, har ma da takamaiman wurin da yake kamawa.

Ta biyu ita ce rage yawan furotin. Yisti mai kwafi biyu na kowace ƙwayar gado, idan aka cire masa kwafi ɗaya na furotin ɗin da magani ke hari, yakan fi sauran saurin mutuwa da wannan magani. Guri Giaever da abokan aikinta a Jami'ar Stanford suka bayyana wannan dabara a 1999. Tun da kowane nau'i a cikin tarin yana ɗauke da 'yar alama ta DNA da ta keɓanta da shi, ana iya haɗa dubbansu a kwalba ɗaya, a sa magani, a ƙirga waɗanda suka ragu. Sinadarai biyu da suka kashe rukuni iri ɗaya, mai yiwuwa hanya ɗaya suke bi. Idan ƙaramin canji a gini ya sauya rukunin, to canjin ya karkatar da maganin zuwa wani furotin.

Ta uku ita ce musanya. Ana cire wa yisti furotin nasa, a saka masa na ɗan Adam ko na ƙwayar cuta, ta yadda rayuwarsa za ta dogara da baƙon furotin. Duk sinadarin da ya toshe baƙon zai hana yistin girma.

Ta huɗu ita ce amfani da alamar launi. Ana haɗa furotin ɗin da ake nazari da wani inzayim mai canza launin ruwa, sai ƙarfin launin ya zama ma'aunin aikin sinadarin.

Rapamaisin da takirolimus

Misalin da ya fi shahara shi ne na rapamaisin. An samo shi ne daga bakteriyar Streptomyces hygroscopicus da ke cikin ƙasar da wata tawagar Kanada ta ɗebo a tsibirin Rapa Nui a tsakiyar shekarun 1960, kuma Suren Sehgal da abokan aikinsa a Montreal suka bayyana shi a 1975 a matsayin maganin fumfuna. Takirolimus, wanda aka fi sani da FK506, an gano shi a Japan a 1984. Magungunan biyu suna danne garkuwar jiki, kuma kusan rabin gininsu iri ɗaya ne. Da wannan rabi suke kama furotin guda mai suna FKBP12. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, duk da haka tasirinsu a kan ƙwayoyin garkuwa ya bambanta.

A 1991 Joseph Heitman da Rao Movva da Michael Hall, suna aiki a birnin Basel na Suwizalan, suka ware yistin da rapamaisin ba ya hana shi girma. Canje-canjen sun faɗa ne a ƙwayoyin gado uku: FPR1, mai samar da FKBP12 na yisti, da wasu sababbi biyu da suka raɗa wa suna TOR1 da TOR2. Yistin da aka cire wa FPR1 gaba ɗaya yana rayuwa lafiya, kuma maganin ba ya taɓa shi. Wannan ya nuna cewa toshe FKBP12 ba shi ne ke kisa ba. Maganin yana haɗuwa da FKBP12 ne su zama abu ɗaya, sannan haɗin ya je ya kama TOR. Canza amino asid ɗaya tak, wato serin na lamba 1972 a TOR1, ya isa ya hana wannan kamu.

Daga nan aka fahimci cewa molekul ɗin yana da fuska biyu. Fuskar da magungunan biyu suka yi tarayya a kanta ita ce ta kama FKBP12, ɗayar kuma ita ce ke zaɓen wanda za a toshe: rapamaisin ya nufi TOR, takirolimus ya nufi inzayim kalsiniyurin. A 1994 aka gano takwaran TOR a jikin dabbobi masu shayarwa, wanda ake kira mTOR. Magungunan da aka ƙera daga baya, irin su eberolimus da temsirolimus, an yi musu canji ne a wani reshe da ke nesa da wurin kama TOR, domin a gyara yadda jiki ke ɗaukarsu ba tare da an ɓata aikinsu ba. An amince da rapamaisin a Amurka a 1999 don masu dashen ƙoda, kuma ana amfani da 'ya'yansa wajen maganin wasu nau'o'in ciwon daji.

Magungunan fumfuna na dangin azol

Magungunan azol suna toshe inzayim Erg11, wanda fumfuna ke buƙata wajen haɗa argosterol, kitsen da ke riƙe fatar ƙwayarsa. Kowannensu yana da zobe mai ɗauke da naitirojin, kuma ɗaya daga cikin atom ɗin naitirojin ne ke maƙalewa da atom ɗin ƙarfe da ke tsakiyar inzayim ɗin. Zoben ketokonazol yana da naitirojin biyu, na fulukonazol yana da uku. Borikonazol, wanda aka amince da shi a 2002, an samo shi ne daga fulukonazol ta hanyar musanya zobe ɗaya da ƙara rukunin methil, kuma wannan ɗan canji ya ba shi ƙarfi a kan fumfunan Aspergillus da fulukonazol ba ya iya wa.

Tun da yistin burodi ɗan'uwan Candida ne mai cutar da mutane, ya zama wurin gwada juriya. A 2014 ƙungiyar Brian Monk ta Jami'ar Otago a Niyu Zilan, tare da abokan aiki a Amurka, ta fitar da cikakken hoton ginin Erg11 na yistin burodi. Sun kuma kwaikwayi canjin da ake gani a jikin Candida mai juriya, inda amino asid tairosin na lamba 132 ke sauyawa, wanda ya yi daidai da lamba 140 a yistin burodi. Canjin ya rage ƙarfin azol masu gajeriyar jela, wato fulukonazol da borikonazol, domin suna dogara da wani haɗi da wannan tairosin ta hanyar ƙwayar ruwa. Masu doguwar jela, irin su itirakonazol da posakonazol, sun ci gaba da aiki, saboda jelarsu tana samun wasu wuraren riƙo a cikin dogon ramin inzayim ɗin. Irin wannan canji yana nan a Candida auris, wadda aka fara bayyanawa a Japan a 2009, kuma take yaɗuwa a asibitoci a nahiyoyi da dama.

Magungunan zazzaɓin cizon sauro

Rainon ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, Plasmodium falciparum, a ɗakin gwaje-gwaje yana buƙatar jinin ɗan Adam, kuma sarrafa kayan gadonta yana da wuya. A 1997 ɗakin binciken Carol Sibley na Jami'ar Washington da ke Seattle ya cire wa yisti inzayim ɗinsa na DHFR, ya saka masa na ƙwayar cutar. Yisti na asali bai damu da pirimetamin ba, amma wanda aka yi wa musanyar sai maganin ya hana shi girma. Da aka saka masa nau'o'in inzayim ɗin da ke jikin ƙwayoyin cuta masu juriya, sai shi ma ya nuna juriyar.

Juriyar tana farawa ne da canjin amino asid na lamba 108 daga serin zuwa asparajin, sannan canje-canje a lamba 51 da 59 da 164 su ƙara mata ƙarfi. Pirimetamin molekul ne mai tauri, kuma sabon amino asid ɗin da ke lamba 108 ya fi na farko girma, sai ya tokare zoben maganin mai ɗauke da kulorin. Wani sinadarin gwaji mai suna WR99210 yana da jela mai lanƙwasuwa da ke kauce wa tokarewar, shi ya sa ya ci gaba da aiki a kan inzayim mai juriya. Hoton ginin inzayim ɗin da masana a Tailan ƙarƙashin Yongyuth Yuthavong suka fitar a 2003 ya tabbatar da wannan bayani, kuma a kansa aka ƙera sabon sinadari mai suna P218.

Batun ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Haɗin salfadoksin da pirimetamin shi ne ake ba mata masu juna biyu don rigakafi, kuma tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba ƙananan yara shi tare da amodiyakwin a lokacin damina a yankin Sahel, har da arewacin Najeriya da Jamhuriyar Nijar. Sanin wane canji ne ke rage ƙarfin maganin, da kuma gwargwadon raguwar, yana taimaka wa masu sa ido wajen fassara abin da suke gani a samfuran jinin da ake tattarawa.

Sinadarai masu kwaikwayon homon

A 1996 Edwin Routledge da John Sumpter na Jami'ar Brunel a Ingila suka bayyana gwajin da ke amfani da yistin da aka saka wa furotin ɗin ɗan Adam mai karɓar homon istirojin. Idan sinadari ya kama furotin ɗin ya tayar da shi, ruwan gwajin yana sauyawa daga rawaya zuwa ja. A 1997 suka yi amfani da shi wajen kwatanta dangin alkilfenol, waɗanda ke fitowa daga ruɓewar wasu sinadaran wanki na masana'antu. Sun gano cewa ƙarfin kwaikwayon ya fi yawa idan jelar kabon tana fuskantar rukunin haidiroksil daga ɗaya ƙarshen zoben, tana da rassa, kuma tana da atom ɗin kabon shida zuwa takwas. Matsar da jelar kusa da rukunin haidiroksil yana rage ƙarfin ƙwarai. Ana amfani da gwajin har yanzu wajen auna gurɓacewar ruwan koguna da na magudanai.

Iyakokin hanyar

Babbar matsalar ita ce shigar magani cikin ƙwayar. Yisti yana da bango mai kauri, kuma fatarsa tana ɗauke da furotin masu aikin famfo, irin su Pdr5 da Snq2 da Yor1, waɗanda ke fitar da baƙin sinadarai waje. Saboda haka sinadari na iya bayyana kamar marar ƙarfi alhali bai kai ga furotin ɗin da aka nufa ba ne. Canjin ginin da ake zaton ya ƙara kamu, wataƙila ya taimaka wa molekul ɗin ne kawai ya kuɓuce wa famfo. Don magance wannan, ana amfani da nau'o'in yisti da aka cire wa famfunan, ko aka cire wa ƙwayoyin gadon PDR1 da PDR3 masu sarrafa su, sannan a kwatanta sakamakon da na gwajin furotin zalla a cikin kwalba.

Matsala ta biyu ita ce yisti ba shi da hanta. Jikin mutum yana da inzayim sama da 50 na dangin saitokurom P450, da yawansu masu sarrafa magunguna, yayin da yistin burodi yake da uku kacal. Maganin da sai hanta ta sauya shi kafin ya yi aiki ba zai nuna ƙarfinsa ba. Misali, purogwanil sai hanta ta mayar da shi saikulogwanil kafin ya toshe DHFR na ƙwayar zazzaɓi. Haka kuma gubar da ke fitowa bayan hanta ta sarrafa magani ba za ta bayyana a yisti ba.

Ta uku, furotin ɗin ɗan Adam da aka saka a yisti yana rasa wasu abokan aikinsa da yake tare da su a jikin mutum, kuma kitsen fatar yisti argosterol ne maimakon kolesterol. Wannan ya sa wasu magungunan da ke toshe mai karɓar istirojin a jikin mutum ba sa nuna wannan hali a gwajin yisti. Bugu da ƙari, abubuwan da suka shafi gaɓoɓi, kamar yadda hanji ke tsotse magani, da yadda ƙoda ke fitar da shi, da illarsa ga zuciya ko ƙwaƙwalwa, ba a iya auna su a halitta mai ƙwaya ɗaya.

Saboda waɗannan dalilai, gwajin yisti yana zuwa ne a farkon jerin matakan binciken magani. Da shi ake tace ɗaruruwa ko dubban sinadarai zuwa 'yan kaɗan, a kuma samu hasashen furotin ɗin da suke kamawa da sashen gininsu da ba a taɓawa. Waɗanda suka tsallake sai a gwada su a kan ƙwayoyin ɗan Adam ko ainihin ƙwayar cutar, sannan a jikin dabbobi, kafin a kai ga gwaji a kan mutane.